Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin da ke Dagula Ruwan Akwatin Kifi a Gidajenmu

A wani gida da ke Nassarawa GRA, bayan Titin Sultan, inda darbejiya ta yi wa hanya rumfa, wata yayata ta sayo akwatin kifi na gilashi ta kafa a falonta, irin wanda wasu ke kira akwariyom. Ranar da aka kawo shi, abin sai wanda ya gani. Ruwa garau kamar babu shi, farar tsakuwa a ƙasa, jajayen kifayen ado guda 8 suna kai da komo, jikoki sun manna hanci a jikin gilashi sun ƙi tashi ko da aka kira su cin abinci. A kwana na uku ruwan ya soma yin hazo. Kafin mako ya zagayo ya koma kamar ƙasarin da aka wanke surfen gero da shi, kifin da ke can baya sai dai ka ga inuwarsa.

Yayar tawa mace ce mai tsafta, irin waɗanda ko cokali ba ya kwana a wurin wanke-wanke. Don haka ta yi abin da tsafta ta koya mata. Kowace Asabar sai ta sa a kwashe kifayen a zuba a roba, a zubar da ruwan kaf, a wanke tsakuwa da omo, a dirje gilashi, a ciro soson da ke cikin filta a wanke a bakin famfo har ya yi fari, a shanya shi a rana, sannan a mayar da komai a cika da sabon ruwa. Kwana biyu ruwa na nan tas, a na uku hazo ya dawo. Haka aka yi ta fama wata biyu, kifi uku suka mutu. Da na je gaishe ta, ko zama ban gama yi ba ta ce, "Auta, zo ka duba mini abin nan. Ko ruwan burtsatsenmu ne ba shi da kyau? Babu irin wankin da ban yi ba." Na ce, "Yaya, ai wankin ne ya yi yawa."

Ta bi ni da kallo, kuma ban ga laifinta ba. Duk tarbiyyar da muka samu a kan ruwa, ta ruwan sha ce. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da aka kafa matatar ruwa ta farko a Challawa, har zuwa ta Tamburawa da ke ɗibar ruwan Kogin Kano wanda ake sakowa daga madatsar Tiga, aikin ɗaya ne: a zuba alam laka ta dunƙule ta kwanta, a tace da yashi, a sa sinadarin kulorin ya kashe duk wata ƙwayar halitta da ta rage. A randa ma haka iyayenmu ke yi, a wanke ta a ɗauraye. Ruwan da ba mai rai a cikinsa shi ne ruwan kirki ga ɗan Adam. Akwatin kifi kuwa ba zai taɓa daidaita ba sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani sun zauna a cikinsa sun yi gida. Su ne Yaya take kashewa kowace Asabar.

Ga yadda abin yake. Kifi na ci, yana fitar da sinadarin amoniya, mai warin nan da ke tashi daga makewayin da ya daɗe ba a wanke ba. Mafi yawansa ba ta kashi yake fita ba, ta jajayen sassan nan na gefen kai da kifi ke numfashi da su yake fita. A kogi ruwa na tafiya da shi. A cikin gilashi babu inda za shi, kuma ɗan kaɗan ya isa ya ƙona wa kifi wurin numfashinsa. Sai dai akwai wasu bakteriya da amoniya ce abincinsu, suna mayar da ita naitirait. Shi ma naitirait ɗin guba ne, yana shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya yi launin ƙasa-ƙasa, ka ga kifi na haki a saman ruwa alhali famfon iska na ta aiki. Wasu bakteriyan kuma suna karɓar naitirait su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jure wa fiye da na farkon nesa ba kusa ba, kuma tsirrai na shan sa a matsayin taki. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fayyace aikin irin waɗannan halittu a wajen 1890. An daɗe ana koyar da cewa Nitrobacter ce ke yin aiki na biyu a akwatin kifi, sai a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa dangin Nitrospira ne suka fi rinjaye a wurin.

Abu biyu ya kamata mai akwati ya riƙe game da waɗannan ma'aikata. Ba sa yawo a cikin ruwa, a jikin abu suke maƙalewa: soson filta, tsakuwa, duwatsu, gilashi. Wannan santsin mai launin ƙasa da ke jikin soso, wanda ido ke gani a matsayin ƙazanta, shi ne garinsu. Sannan suna da nawar hayayyafa. Kafin ɗaya ta rabu biyu takan ci rabin yini zuwa yini guda, wani lokaci fiye. Shi ya sa sabon akwati ke bukatar mako 4 zuwa 6 kafin ya kankama.

To farin hazon fa, daga ina? Wasu bakteriya ne na daban, masu cin ragowar abinci da kashin kifi da duk wani abu da ke ruɓewa. Su a cikin ruwa suke shawagi, kuma hayayyafarsu kamar wutar daji. Wadda ke rabuwa biyu duk rabin awa, cikin awa 10 guda ɗaya ta haura miliyan. A daidai wannan lokacin ita mai cin amoniya ko haihuwar fari ba ta yi ba. Idan akwati sabo ne, ko an mayar da shi sabo da omo da rana, babu wata halitta da ta riga su kama wuri, abinci kuma ga shi nan a banza, sai su cika ruwan har ido ya gan su fari. Idan aka ƙyale su, cikin kwanaki zuwa mako biyu abincinsu na ƙarewa, ƙananan halittun da ke cin su na yawaita, filta na kankama, ruwa ya washe da kansa. Idan aka zubar aka sake wanki, an koma ranar farko. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Wannan matsala ta girmi kowa a cikinmu. A 1849 wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya sa jajayen kifaye biyu da wata ciyawar ruwa a cikin babban gilashi mai cin kimanin galan 12, yana so ya ga ko kifi da tsiro za su rayar da juna. Da tsofaffin ganye suka fara ruɓewa, ruwan ya dagule. Bai zubar ba. Ya kawo 'yan dodon koɗi na ruwa ya zuba, suka cinye ruɓaɓɓen ganyen, ruwa ya koma garau, kuma a 1850 ya gabatar da sakamakon ga 'yan'uwansa masana. A nan sai na ja kunne: kada wani ya karanta wannan ya tafi kududdufi ko magudanan noman rani na Kura da Kadawa ya kwaso dodon koɗi ya kawo falonsa. Wasu daga cikin na ruwayenmu su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, yara kuma ba sa rabuwa da tsoma hannu a ruwan kifi.

Ba kowane hazo ne na bakteriya ba, don haka kafin a yi magani a fara gane ciwon. Ɗebi ruwan a kofin gilashi, ka ɗora kan farar takarda, ka bar shi ya kwana. Idan da safe ka ga gari ya kwanta a ƙasa, saman ya washe, ƙura ce ko garin tsakuwar da ba a ɗauraye sosai ba. Idan yana nan fari yadda ka bar shi, mai yiwuwa bakteriya ce. Idan kore-kore ne, gansakuka ce. Idan kuma ya yi kalar shayin da ba madara amma kana hango bayansa, itacen ado da aka sa ne ke zubar da launi, kamar yadda bagaruwa ke rina ruwan jima, kuma wannan ba ya cutar da kifi.

Koren ruwa ya fi damun gidajen da ke da manyan tagogi, kuma Nassarawa ba ta rasa su ba. Ƙananan tsirrai ne masu ƙwayar halitta guda, waɗanda suka fi ƙarfin soson filta don ƙanƙanta, haske da taki kawai suke nema. Akwatin da rana ke duka ta taga, ko wanda ake bar wa fitila tun safe har a kwanta barci, ya ba su na farko. Yawan abinci ya ba su na biyu. Canjin ruwa ba ya kashe su, waɗanda suka rage sai su sake cika wurin. A janye akwatin daga taga, a rage fitila zuwa awa 6 ko 8, idan ya yi tsanani a lulluɓe shi da bargo ruf kwana 3 ko 4, famfon iska na aiki. Mai hali yana iya sayen ƙaramar na'urar da ke ratsa ruwa da hasken UV, tana gamawa da koren ruwa cikin kwanaki, amma idan ba a gyara haske da ciyarwa ba, ranar da aka cire ta ranar za a koma gidan jiya.

Yanzu ga abin da littattafan Turai ba za su gaya maka ba, domin ba a Kano aka rubuta su ba.

Na farko wuta. Su bakteriyar filta da oksijin suke rayuwa, kuma ruwan da ke ratsa soso shi ke kai musu. Idan aka ɗauke wuta, filtar da ke a rufe cikin gwangwaninta takan shaƙe cikin 'yan awanni, mazauna cikinta su soma mutuwa, da wuta ta dawo sai ta amayo ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. Washegari hazo. Mutane da yawa suna zargin abinci ko ruwa, alhali akwatinsu kullum sabo yake komawa saboda filta na mutuwa tana farfaɗowa. A ganina, a garin nan babu abin da ya kai filtar soso mai aiki da famfon iska. Tana cikin ruwan tsamo-tsamo ko da wuta ko babu, famfonta bai wuce wat 2 zuwa 5 ba, inbata ko sola ba za su ma san da shi ba, akwai kuma masu batir da waɗanda ake jonawa da abin cajin waya. Wanda ya kashe kuɗi a kan fitila mai launuka bai tanadi wannan ba ya fara gini daga rufi.

Na biyu zafi. Lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 tana riƙe oksijin kimanin miligiram 9. A digiri 30 ya sauko wajen 7.5. A watan Afrilu, da zafin Kano ke taɓa digiri 40, iska na raguwa a ruwa daidai lokacin da kifi da bakteriya suka fi bukatarta, abinci na saurin ruɓewa, dafin amoniya kuma na ƙaruwa da zafi. Farin hazon da kifi zai jure a watan Disamba yana iya kashe shi a bazara, domin su ma masu hazon oksijin suke sha. Sai a ƙara iska, a rage abinci. A kuma kula da ruwan tankin sama, wanda da rana tsaka yake fitowa kamar an dafa. A tara shi a bokiti ya huce kafin ya shiga wurin kifi.

Na uku hunturu. Ƙurar da ke rufe mana gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki. Laushinta ya kai ta daɗe tana yawo a ruwa ba ta kwanta ba, kuma tana ɗauke da sinadaran da tsirrai ke so, har masana sun nuna tana ƙetare Tekun Atalantika ta zama taki ga dajin Amazon. Abin da ya ciyar da daji ba zai ƙi ciyar da gansakuka ba. Murfi shi ne magani, da 'yar audugar tacewa a gaban soso wadda za a riƙa canjawa. A lokacin ne kuma ruwa ke saurin ƙafewa. Cikon da ake yi ba canjin ruwa ba ne, domin ruwa ne kawai ya tashi, gishirinsa da dattinsa na nan sai ƙara kauri suke.

Sai ruwan da ake zubawa kansa. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda aikinsa kashe bakteriya ne, ba ya tambayar mai amfani ce ko marar amfani. A tara shi a buɗe yini ɗaya ko biyu, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin da masu sayar da kifi ke ajiyewa. Na burtsatse ba shi da kulorin, amma yana fitowa da ƙarancin oksijin, wani kuma da sinadarin ƙarfe: ka ɗebo shi garau, iska na taɓa shi ya yi ja-ja. Shi ma kwana a bokiti ke gyara shi. Na 'yan garuwa sai ka san inda suka ɗebo, da abin da jarkar ta taɓa ɗauka. Rijiyar da ke kusa da sokawe kuwa tana iya zuwa da naitiret ɗinta tun daga ƙasa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita ko a ruwan sha. Mai irin wannan rijiya, kore a akwatin kifinsa gargaɗi ne game da randarsa ma.

Akwai shawarwarin da ake bayarwa da kyakkyawar niyya waɗanda nake roƙon a bari. Wani zai ce a jefa ɗan alam. Alam na kwantar da laka, gaskiya ne, amma yana tsamar da ruwa, kuma sinadarin alminiyom da ke cikinsa na lahanta wurin numfashin kifi. Wani zai ce garin 'ya'yan zogale, wanda matan karkara a Sudan suka daɗe suna tace ruwan Nilu da shi. A randa yana aiki, a akwati kuwa ƙarin abinci ne ga masu hazo. Wani zai fasa kafso na kashe ƙwayoyin cuta ya zuba, ya share garin filta gaba ɗaya. Mafi yawan wannan ilimi daga masu kiwon tarwaɗa ya zo, kuma su a fagensu sun san aikinsu. Sai dai tarwaɗa tana da gaɓar da take shaƙar iskar sama da ita, tana rayuwa a ruwan da zai kashe kifin ado cikin dare ɗaya, mai kiwonta kuma nama yake nema cikin 'yan watanni, shi ya sa yake cika kwami yana sauya ruwa akai-akai. Abincinta ma, mai yawan furotin da maiƙo, ya yi wa ƙaramin akwati nauyi.

Ciyarwa ita ce inda tausayi ke yin ɓarna. Kifin ado kullum a yunwace yake nuna kansa, da ka matso sai ya taso yana buɗe baki. A gidan Yaya, ita tana ba su da safe, mai aiki na ba su da rana, kowane jika ya zo sai ya barbaɗa nasa. Da na tona tsakuwa da yatsa sai ga wani baƙin gari ya turnuƙe, da wari. Ka'idar ita ce abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a yini, daga hannun mutum ɗaya. Lafiyayyen kifi ba ya komai don ya yi kwana biyu bai ci ba, kuma a lokacin hazo wannan hutun magani ne.

Yawan kifin ma abin dubawa ne. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, ka sami lita. Na Yaya 60 ne da 30 da 30, wato lita 54, jarka biyu da ɗan ɗori. Jan kifin nan da ake sayarwa kamar ɗan yatsa yana kai santimita 20, yana wuce shekara 10 idan ya sami kulawa, kuma cikin kifayen ado kaɗan ne suka kai shi ɓata ruwa. Guda 8 a wannan wuri, ko babu omo, da wuya ruwa ya zauna lafiya. Wanda ya sayar mata bai gaya mata ba, kuma na fi ganin laifinsa a kan nata.

Abin da muka yi ba shi da yawa. Muka hana wankin Asabar. A madadinsa, sau ɗaya a mako, a sa tiyo a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, bakin tiyon na bin cikin tsakuwa yana kwashe datti, kifi na ciki ba a taɓa su ba, a cika da ruwan da ya kwana. A makonnin farko, da yake filta ba ta kankama ba, mun riƙa yin haka sau biyu don amoniya kada ta taru. Wanda ya sami 'yar kwalbar gwajin amoniya da naitirait ya huta da kintace, domin ruwa na iya zama garau alhali guba ne. Soso sai ruwa ya fara wuce shi da ƙyar za a taɓa shi, a matse shi sau biyu ko uku a cikin ruwan da aka zuƙo daga akwatin, a mayar da shi da launinsa. Sabulu ya yi nesa da wurin, bokitin kifi ya zama na kifi kaɗai. Muka karɓo guntun tsohon soso daga wani maƙwabci da akwatinsa ya shekara lafiya muka haɗa da namu, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara don ta kama. Muka ba shi kifi biyu, saura uku. Aka kuma yi doka cewa duk ranar da za a fesa maganin sauro a falo, a kashe famfon iska a rufe akwatin, domin abin da ke kashe sauro yana kashe kifi.

Mako na farko shi ne mai wuya, don hazon sai da ya ƙaru kafin ya ragu. Sau biyu Yaya tana kirana a waya. "Auta, anya kuwa? Baƙi za su zo ranar Juma'a, abin nan kunya zai ba ni." Na ce ta yi mini haƙurin kwana goma. A kwana na tara ta fara hango tsakuwar baya.

Da na koma bayan mako shida, na tarar da ita a bakin akwatin da bokiti, ta naɗe hannun riga, tana matsa soson a hankali cikin ruwa mai kalar kunun kanwa. Ta mayar da shi mazauninsa yana nan baƙi-baƙi, ta miƙa wa jikanta bokitin ta ce ya kai wa bishiyar lemon da ke bayan kicin, ta lura tun da ake zuba mata wannan ruwan ganyenta ya ƙara duhu. Yaron ya tsaya tukuna ya leƙa ta gefen gilashin, yana ƙirga kifayen uku, yana hango labulen da ke ɗaya ɓangaren ta cikin ruwan.